Doron da Ke Biyo Bayan Karayar Ƙashin Baya, da Aikin Fiɗar da Ake Yi Masa

'Yan'uwa manoma, da zarar bazara ta kama, ɗorawa ta nuna, mangwaro ya soma zuba, sai mu fara jin labarin da muka saba ji kowace shekara, wai wane ya faɗo daga itace. Wani reshe ne ya karye da shi, wani santsi ya kwashe shi, wani kuwa ƙudan zuma ne suka kore shi sa'ad da ya hau duba amya. Ban da itace akwai rijiya, akwai katangar da ruwan Agusta ya jiƙa, akwai ramin haƙar ma'adini, akwai hawa kan lodin buhuna ranar kasuwa. Ga kuma haɗarin mota da babur, wanda ya fi su duka ɓarna a zamanin nan.

A cikin yawon da muke yi na ziyarar ƙungiyoyi mun taɓa zama da wani magidanci a ƙofar gidansa. Shekara biyu ke nan da ya faɗo daga ɗorawa, ya dira a zaune. Ƙafafunsa ba su mutu ba, saboda haka aka kama shi ya taka har gida, kowa yana cewa abin ya zo da sauƙi. Aka kira mai ɗori ya shafa magani ya ɗaure. Ya yi mako uku a kwance, sai ruwan shuka ya sauka, shi kuwa ba shi da mai yi masa. Ya tashi ya ɗauki sungumi. Kafin kaka matarsa ta lura wani ƙashi ya turo a tsakiyar bayansa kamar gwiwar hannu. Ranar da muka je ba ya iya riƙe garmar shanu ya kai ƙarshen kunya biyu sai ya zauna. Ya dube mu ya ce, "Malam, an ce a asibiti ana miƙe baya da ƙarfe. Da gaske ne?"

Da gaske ne. Amma ba kowane baya ake yi wa ba, aikin kuwa babba ne, yana da tsada, yana da haɗari. Ya kamata mutum ya san abin da zai shiga kafin ya kai shanunsa kasuwa.

Yadda bayan mutum yake

Abin da muke kira ƙashin baya ba guda ɗaya ba ne. Gaɓoɓi ne 33 a jere, wani bisa wani: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke manne, 5 a kwankwaso, sa'an nan sauran 9 na can ƙasa waɗanda yawancinsu suka haɗe suka zama ɗaya. Kowace gaɓa, gabanta dunƙulallen ƙashi ne kamar tubali, shi ne ke ɗaukar nauyi. Tsakanin tubali da tubali akwai faifan guringuntsi mai taushi, kamar gammo. Bayan tubalin kuwa akwai zobe na ƙashi. Da yake zobban suna kan juna, sai suka zama kamar bututu, ta cikinsa ne laka ta bi daga ƙwaƙwalwa. Laka ita ce ke kai saƙo ga hannu da ƙafa, da mafitsara, da hanji. Tana ƙarewa wajen gaɓa ta farko ko ta biyu ta kwankwaso. Daga nan zuwa ƙasa sai jijiyoyi a barbaje, likitoci suna ce musu wutsiyar doki domin haka suke kama. Can baya kuma akwai waɗansu jijiyoyi masu tauri da suka ɗaure gaɓoɓin kamar igiya, su ne ke hana baya karyewa gaba idan an sunkuya.

In an dubi lafiyayyen mutum daga gefe, bayansa ba a miƙe yake sak ba. Wuya ya ɗan lanƙwasa ciki, bayan ƙirji ya ɗan fito, kwankwaso ya sake shiga. Lanƙwasar nan ita ce ke sa kai ya zauna daidai bisa ƙugu, kamar yadda magini yake sakin igiya mai dutse don ya ga ko bangonsa ya tsaya. Muddin kai yana bisa ƙugu, mutum yakan yini a tsaye ba da wahala ba.

Wurin da ya fi karyewa shi ne inda haƙarƙari suka ƙare, kwankwaso ya fara. Sama da wurin baya a ƙage yake saboda haƙarƙari, ƙasa da shi kuwa yana motsi ƙwarai. Duk wanda ya taɓa karya ƙota ya san inda takan karye, watau daidai inda ƙarfe ya haɗu da ice.

Inda doro ke fitowa

Idan mutum ya faɗo ya dira a zaune ko a tsaye, nauyinsa duka yakan sauka a kan tubalin nan na gaba. Wani lokaci gaban tubalin ne kaɗai yake murƙushewa, bayansa yana nan, sai ya koma kamar wejin da yaron mota ke sa wa taya. Wani lokaci tubalin yakan tarwatse gaba ɗaya, har wani ɓarɓashi ya kutsa cikin bututun laka. Akwai kuma karayar da igiyar baya ke tsinkewa, da wadda gaɓa ke gocewa daga 'yar'uwarta. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi kashe ƙafafu.

A 1983 wani likita a Amurka mai suna Francis Denis ya bayyana abin ta hanyar da manomi zai gane. Ya ce a ɗauki ƙashin baya kamar yana tsaye a kan dirka uku, ta gaba, da ta tsakiya, da ta baya. In ta gaba ce kaɗai ta taɓu, yawanci baya yakan tsaya ya warke da hutu da ɗauri. In biyu ko uku suka taɓu, ba shi da tabbas, yana iya ci gaba da karkacewa. Likitoci sun ƙara gyara wannan bayani daga baya, yanzu sun fi mai da hankali ga igiyar baya da lafiyar jijiyoyi, amma tushen maganar bai sake ba.

To, ga yadda doron ke yi. Gaɓa ɗaya ta zama weji, sai duk abin da ke samanta ya karkata gaba. Da ya karkata, nauyin ƙirji da kai ya ƙara danne gaban gaɓar da ta riga ta raunana. Da ta ƙara nutsewa, karkatar ta ƙaru. Kun san rumbun da dutsen gindinsa ɗaya ya nutse. Shekarar fari kaɗan ne, amma kowace kaka ana zuba masa dawa, har wata rana a ga ya sunkuya. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan Jamus, Hermann Kümmell, ya ba da labarin mutanen da suka bugu a baya, suka tashi kamar ba kome, sai bayan watanni ciwo ya dawo, doro ya fito. Abin da yakan jawo haka shi ne rashin gane karayar tun farko, da komawa aiki da wuri, da tsinkewar igiyar baya wadda ba a lura da ita ba, da ƙashin da ya ƙi haɗewa. Tsofaffi, musamman mata da suka daina haila, ƙashinsu yakan yi sakayau, ko zamewa a bakin rijiya ta isa ta murƙushe musu gaɓa.

Wahalar doro ba a kallo take ba. Don mutum ya ga gabansa, dole ya banƙare kwankwaso, ya ɗaga wuya, wani har ya ɗan lanƙwasa gwiwa. Naman baya yana aiki ba hutu, shi ya sa ciwo yakan tashi a wuraren da ba su karye ba, mutum ya gaji tun hantsi. Abin da ya fi wannan muni shi ne laka. Tana bin kan kusurwar doron kamar igiyar guga a bakin rijiya, kullum tana gogawa. Mutumin da ya tashi da ƙafafunsa ranar da ya faɗi yana iya fara jin sun yi nauyi bayan shekara ɗaya ko biyar, yana tuntuɓe, takalmi yana fita bai sani ba, fitsari yana yi masa gardama.

Bari mu ɗan ratse. Ba kowane doro ne na faɗuwa ba. Tarin fuka yakan kama ƙashin baya ya cinye shi, ko mutum ba ya tari. Likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana wannan tun 1779. Idan yaro ko babba ya fara doro, ga zazzaɓin yamma, ga zufar dare, ga rama, kada a tsaya ana cewa ai ya taɓa faɗowa daga jaki. A kai shi a auna. Maganin farko ƙwayoyi ne na wata 9 zuwa 12, a Nijeriya kuwa kyauta ake ba da su a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.

Abin da likita zai duba

Zai tambayi yadda aka faɗi da inda ke ciwo. Zai gwada ƙarfin ƙafa, ya taɓa fata ya ji ko ana ji, ya tambayi fitsari da bayan gida da sha'anin iyali. A amsa masa ba kunya, gama amsar nan tana iya sake shawararsa gaba ɗaya. Sa'an nan a ɗauki hoton ƙashi daga gefe, mutum yana tsaye, domin a kwance doro yakan ɓoye rabinsa. A kan hoton ne ake auna kusurwar, ta hanyar da likita John Cobb na Amurka ya bayyana a 1948. Da digiri ake lissafi. Ku dubi agogo: tsakanin 12 da 1 digiri 30 ne, tsakanin 12 da 3 digiri 90. Likitoci da yawa sukan fara tunanin fiɗa idan karkatar wurin karayar ta kai digiri 20 zuwa 30 ko ta wuce. Akwai kuma manyan hotuna biyu, siti-sikan mai nuna ƙashi yanka-yanka, da em-ar-ai mai nuna laka da jijiyoyi da guringuntsi. Ba a shiga babbar fiɗa sai da su.

Lamba kaɗai ba ta yanke shawara. Akwai mai doro sosai wanda ke nomansa lafiya, wannan ba a taɓa shi. Waɗanda ake yi wa magana su ne wanda ciwo ya hana shi neman abinci bayan an gwada magani da gashi wata da watanni, da wanda hoto ya nuna doronsa yana ƙaruwa, da wanda ƙashinsa bai haɗe ba, da wanda ƙafafunsa suka fara rauni. Na ƙarshen nan ba ya jira.

Aikin kansa

Sabuwar karaya daban take da tsohuwa. A shekarun 1920 da 1930 likita Lorenz Böhler na Biyana, a ƙasar Ostiriya, yakan banƙare bayan mai sabuwar karaya har gaɓar ta buɗe, ya sa masa filasta daga ƙirji zuwa ƙugu, ya sa shi motsa jiki. Har yau yawancin sababbin karaya marasa tsanani ba a yi musu fiɗa, sai rigar roba mai tauri ta wajen wata 2 zuwa 3. Amma ƙashin da ya riga ya haɗe a karkace ba ja ko danna da zai miƙe shi. Sai an yanka, an gyara zama, an sake haɗawa.

Dabarar haɗawa ta fito a birnin New York a 1911, wurin likitoci biyu, Russell Hibbs da Fred Albee, kowa da hanyarsa, suna neman taimakon masu tarin fukan ƙashin baya. Albee yakan yanko ƙashi daga ƙwaurin mutum ya dasa a bayansa. Ku da kuke auren mangwaro kun riga kun san sirrin. Ana kankare gefe biyu, a haɗa ɗanye da ɗanye, a ɗaure da leda kada su motsa, su kuwa su kama juna da kansu. Haka ƙashi yake. Likita yakan kankare gaɓoɓin, ya jera gutsattsarin ƙashin da ya ɗebo daga wurin ko daga ƙugu, a hankali gaɓa uku ko biyar su zama ɗaya. Ƙarfen da kuke ji shi ne a matsayin ledar. Aikinsa riƙewa ne kawai har ƙashi ya kama. In ƙashi bai kama ba, kome ƙarfin ƙarfen wata rana zai karye, kamar wayar da ake ta lanƙwasawa.

Paul Harrington na Houston ya fito da sandunan ƙarfe masu ƙugiya, ya buga bayaninsu a 1962. A Faransa kuma Raymond Roy-Camille ya nuna ana iya ɗaura noti ta cikin 'yar gadar ƙashin da ta haɗa zobe da tubali, dab da laka amma ba a taɓa ta ba. Wannan ita ce hanyar da aka fi bi yau. Ana ɗaura noti biyu a kowace gaɓa, sama da ƙasa da wurin karayar, a haɗa su da sanda biyu. Yawanci ƙarfen taitaniyam ne, ba ya tsatsa a jiki.

Yankan kuwa iri-iri ne, gwargwadon doron. Mafi sauƙi shi ne wanda Smith-Petersen na Boston ya bayyana a 1945. Ana cire ɗan ƙashi a baya tsakanin gaɓa biyu, a matse wurin ya rufe. Yakan ba da wajen digiri 10 a kowace gaɓa, amma sai faifan gaba yana da sauran motsi. Doron karaya kuwa sau da yawa kusurwa ce mai kaifi a wuri ɗaya, ta kuma sandare. Irin wannan ya fi dacewa da yankan da Eivind Thomasen na Denmak ya bayyana a 1985. Ana shiga ta baya, a yanke yanki mai faɗi a baya mai tsini a gaba, kamar yadda ake fitar da ɓari ɗaya na kabewa, daga cikin gaɓar kanta. In an rufe gurbin sai baya ya miƙe da wajen digiri 30 a wuri guda. Idan gaɓar ta lalace sarai, sai a cire ta ɗungum, a sa wani ɗan keji na ƙarfe cike da ƙashi a madadinta. Wani lokaci ta gefen ƙirji ko ciki ake shiga, hanyar da Hodgson da Stock suka shahara da ita a Hong Kong tun 1956. Wannan shi ne mafi girma a cikinsu duka.

Wataƙila kun ji ana zuba siminti a ƙashin baya. Akwai shi, wani irin siminti ne na asibiti da ake turawa da allura, an fara a Amiens ta Faransa a 1984. An fi yi wa tsofaffi masu sakayau ɗin ƙashi waɗanda karayarsu ba ta daɗe ba. Ba ya miƙe tsohon doro.

Ranar fiɗa mutum yakan kwanta rub da ciki, an ba shi maganin barci, aikin yana cin awoyi da dama. Jini yana zuba da yawa, musamman a yankan kabewa, don haka asibiti zai ce a tanadi leda kaza na jini tun kafin ranar. Inda akwai kayan aiki ana haɗa waya a kai da ƙafa, na'ura tana nuna ko saƙo yana wucewa ta laka. Inda babu, akwai tsohuwar dabarar da likitocin Faransa suka bayyana a 1973, watau a ɗan farkar da mutum a tsakiyar aiki a ce ya motsa yatsun ƙafa, sa'an nan a mai da shi barci.

Haɗarinsa, da abin da ba ya iyawa

Ba za mu ɓoye muku ba. Jijiya tana iya taɓuwa, mutum ya tashi da rauni a ƙafa wanda bai shiga da shi ba. Sau da yawa yakan wuce, wani lokaci ba ya wucewa. Ciwon yana iya yin ruwa, rigar laka tana iya yagewa, jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa, ƙashi yana iya ƙin kamawa har a sake buɗewa. Gwargwadon girman yanka, gwargwadon haɗari. Yawancin waɗanda aka zaɓa da kyau sukan sami sauƙin ciwo su tsaya a miƙe, amma ba kowa ne ciwonsa ke ɗaukewa ƙaf ba, wurin da aka haɗe kuwa ba zai ƙara lanƙwasuwa ba har abada.

Abu ɗaya kuma sai mu faɗa da babbar murya. Fiɗa tana ɗauke ƙashin da ya danne laka, amma ba ta ɗinke lakar da ta tsinke. Wanda ƙafafunsa suka mutu sarai tun ranar haɗari, shekara ta wuce ba motsi ba ji, miƙe bayansa yana iya rage masa ciwo ya kuma gyara masa zama a keke, tafiya dai ba za ta dawo ta wannan hanya ba. Duk wanda ya yi muku alkawarin haka don ku sayar da gona, ko a asibiti yake ko a kasuwa, ku nemi shawarar wani likitan. Abin da ke raya irin wannan majiyyaci an san shi tun 1944, lokacin da Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu ciwon laka a Stoke Mandeville ta Ingila. A juya shi kowace awa biyu dare da rana kada gyambon kwanciya ya kama shi, a kiyaye tsabtar robar fitsari, a ba shi ruwa sosai, a koya masa sana'ar da zai yi a zaune.

Bayan an fito

Yawanci cikin 'yan kwanaki masu gashi za su tashe shi ya taka. Wajen wata uku ba sunkuyo, ba murɗa baya, ba ɗaukar kaya. Ƙashi yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara kafin ya kama sosai. Ma'anar wannan ga manomi a fili take: damina ɗaya ta tafi. Wanda bai shirya wa haka ba zai ɗauki fartanya a wata na huɗu ya ɓata aikin da aka sayar da shanu aka yi. Taba, ko ta sha ko ta tauna, tana hana ƙashi kamawa, sai a bar ta tun kafin fiɗa. A ci wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nono da zogale. In aka ga zazzaɓi, ko ruwa daga ɗinki, ko sabon rauni a ƙafa, a koma a ranar. Ƙarfen kuwa yawanci ba a cire shi, ba ya kuma jawo aradu kamar yadda muka ji ana faɗa a wata kasuwa.

Ba kowane asibiti ke wannan aiki ba. Ana farawa daga babban asibiti mafi kusa, a karɓi takarda zuwa wurin likitan ƙashi ko likitan ƙwaƙwalwa da laka. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, akwai kuma asibitocin koyarwa a Zariya, da Kano, da Jos, da Sakkwato, da Maiduguri. A je da dukan tsofaffin hotuna, ko sun yi datti, domin da su ne ake gane ko doro yana ƙaruwa. A je da wanda zai rubuta abin da aka faɗa. A tambayi likita me zai faru in ba a yi ba, gaɓa nawa za a haɗe, sau nawa yake irin wannan aiki, yaushe za a koma gona. A nemi lissafin kuɗi a rubuce, har da na ƙarfe, gama shi ne yakan cinye kaso babba, da na jini, da na gado, da na komawa duba.

Nan ne ƙungiya take da abin yi. Jinin da ake nema yana jikin 'yan ƙungiya, samari biyar ko shida masu lafiya sun isa su ɗauke wa iyali wannan nauyi, jinin da aka bayar kuwa jiki yakan mayar da shi. Gayyar shuka da noman fari da maimai da girbi a rubuta ta a littafi tun kafin a tafi asibiti, a san wanda zai yi wace rana. A 2022 aka sa hannu a kan sabuwar dokar inshorar lafiya ta Nijeriya, jihohi kuma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya da ke karɓar mutane a ƙungiyance. Sakatare ya je ya tambaya, ya kuma tambaya musamman ko fiɗar baya da kuɗin ƙarfe suna ciki.

Ranar da aka faɗo

Doro da yawa, da mutuwar ƙafa da yawa, a awar farko ake jawo su, da hannun masu taimako. Duk wanda ya faɗo daga sama ko ya yi haɗari, yana kukan baya ko wuya, a ɗauka ya karye ko da yana motsa ƙafa. Kada a zaunar da shi, kada a ce ya tashi ya gwada, kada mutum biyu su ɗauke shi hannu da ƙafa bayansa yana reto. A ciro ƙyaure ko a nemo katako mai faɗi. Mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, uku su mirgina shi lokaci ɗaya kamar gungume, a tura ƙyauren, a mai da shi. A tare kai da zane a naɗe dama da hagu, a ɗaure ƙirji da ƙugu da ƙafa a jikin ƙyauren. A sa shi a bayan a-kori-kura ko amalanke a kwance. Babur bai dace ba ko kusa. Kada a ba shi abinci a hanya, domin wataƙila za a shiga da shi fiɗa. A yi sauri, gama idan ƙashi ya danne laka likitoci suna so su ɗauke shi cikin awa 24.

Masu ɗori mutanenmu ne, waɗansunsu sun gaji aikin kaka da kakanni. Amma hannu ba ya ganin ɓarɓashin da ke kusa da laka, ja da murza da taka baya kuwa suna iya tura shi ciki. Mun san masu ɗorin da in an kawo musu baya ko wuya sukan ce a wuce asibiti, waɗannan sun san aikinsu.

In likita ya ce ba sai an yi fiɗa ba, ya ba da riga, a sa ta har ranar da ya ce a cire, ko da zafi ya dame. A koma a sake hoto a ranakun da ya rubuta, ko ciwo ya tafi. A waɗannan makonni ne ake kama gaɓar da ke nutsewa, lokacin da gyaranta bai kai ga yankan kabewa ba.

Shi kuwa magidancin nan ya karɓi takarda ya tafi. Aka duba jijiyoyinsa aka tarar lafiya suke, ƙashin ma ya haɗe, sai dai a karkace. Likita ya ce a fara da gashi da motsa jiki na wata uku, a sake hoto, sa'an nan a zauna a yi magana. 'Yan ƙungiyarsu sun yi masa huɗa a wannan shekara, shi kuma suka ba shi riƙon littafin taki da awon hatsi.